Ranar da Awona Ya Wuce Lissafi

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aikin nan, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka hana ni taɓa na'urar awo, aka tsayar da ni gefe ɗaya hannuwa a baya, wai a gani ko ni maƙaryaci ne. Ku da kuka shigo bara da bana kun iske ni da furfura kuna ta "Baba Illa, Baba Illa", kuna tsammanin ba a taɓa yi mani kallon banza a buron nan, wato ofishinmu, ba. To ku gyara zama ku ji.

Lokacin furojenmu, wato wannan shirin da muke wa aiki, bai daɗe da gina rijiyar gas ta farko ba, a wani ƙauye cikin ƙasar Sae Sabuwa. Wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Rami ne babba na siminti mai rufi, ana zuba mashi kashin shanu da ruwa, ya ruɓe a ciki ya ba da gas. Kashin daga rugar Fulani da ke bayan gari ake kawo shi a amalanken jaki. Gas ɗin kuma ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli ke tuya da shi, sun huta da yawon neman icce. Matsalar ita ce ba ya fitowa shi kaɗai. Yana tahowa da wata iska da ba ta cin wuta, mu muna ce mata matacciyar iska, da wani wari na ruɓaɓɓen ƙwai mai cinye ƙarfen murhu. Dole sai an wanke shi kafin ya isa wurin mata.

Abin wankin shi ne wanda muke kira gora. Bututu ne mai kaurin cinyar mutum, a cikinsa an jera zaruruwa masu yawan gaske, kowane siriri kamar gashin wutsiyar doki, kuma kowane da rami a tsakiya. Gas na bi ta cikin zaren, ruwa na gudu ta bayansa. Jikin zaren cike yake da ƙananan huji da ido ba ya gani. Iska na iya ratsa su, ruwa ba ya iyawa. To matacciyar iska da warin nan sai su ratsa su narke cikin ruwan, ruwan ya tafi da su lambun mata, gas mai kyau ya wuce murhu. Ruwan da gora ke sha daga wata ma'ajiya ta siminti yake zuwa, wadda muke ce wa basan. Mutane ba su sha daga nan, suna da pampo nasu. Amma an yi yarjejeniya da Fulani, su kawo kashi, su ɗebi ruwan basan su shayar da dabbobi.

Mu uku ne a kan aikin. Akwai direkta a buro a Maraɗi, mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya da ma'aikaci. Akwai injiniya, Madam Rabi, 'yar Gazawa, sa'ar 'yata ta fari. Sai ni, ma'aikacin fili. Aikina kowane mako in hau moto, wato babur, in je ƙauyen, in sa na'urar awo a bakin shiga gora da bakin fita, in ga yawan matacciyar iskar da ta rage, in auna gudun ruwa da zafinsa, in kawo.

Ita kuwa Madam Rabi aikinta lissafi. Ta gina wani abu cikin kwamfuta wanda idan ka ba shi tsawon zare da yawansu da gudun ruwa da zafin rana, zai gaya maka iskar da za ta ratsa tun kafin ka auna. Na taɓa tambayarta, na ce, "Madam, wai wanga abu duba ne ko mi?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ƙofa uku ce. Iska sai ta iso jikin zare, ƙofa ta ɗaya. Ta ratsa huji, ta biyu. Ta shiga ruwa, ta uku. Ni ina lissafa ƙuncin kowace ƙofa ne kawai. Kuma a goranmu ta ukun ce ke riƙe layi, don ruwan da ke manne da zaren yana saurin ƙoshi, sai ya matsa wani ya zo." Tun daga farkon shekara awona da lissafinta suna tafiya kusa da kusa, kowa na jin daɗi. Kuma abin ba na wasa ba ne, don da waɗannan lambobin za a yanke girman gorunan da za a kai Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Idan aka ce ƙaramin gora ya isa alhali bai isa ba, an cuci mata a garuruwa da yawa.

Ƙarshen damina, gero ya fara nuna, na je awo kamar kullum. Na sa na'ura a bakin fita, na ga lambar ta faɗi ƙasa warwas. Matacciyar iska kusan babu ita. Na kashe na kunna, na sake. Haka dai. Na leƙa rumfar mata, wuta shuɗiya shar, ba wari ko kaɗan. Shugabarsu Inna Tsahara ta ce, "Malam Illa, mi kuka yi wa abin naku? Kwanan nan wutar kamar ta gidan gwamna." Ni kuwa baki har kunne. Na dawo Maraɗi ina jin kaina kamar wanda ya kawo albishir. Mako na biyu ma haka.

Sai aka kira ni ofishin direkta. Na iske Madam Rabi zaune, kanta a sunkuye. Direkta bai ko ce in zauna ba.

Ya ce, "Illa, wannan awon a ina ka yi shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a inda na saba."

Ya ce, "Madam, gaya mashi."

Ta ɗago da ƙyar ta ce, "Baba, ruwan da ka ce yana gudu a goran ba zai iya ɗaukar wannan iskar ba. Ko da ƙofa biyun farko a buɗe suke gaba ɗaya, ruwa yana da iyakar abin da yake sha. Lambarka ta wuce iyakar nesa."

Na ce, "To na'urar ce ta lalace."

Direkta ya ce, "An gwada ta jiya. Lafiyarta lau."

Nan na gane inda aka dosa. Kafin zuwana an taɓa korar wani ma'aikaci a wani furoje, wanda ke zama ƙarƙashin bishiya a tasha ya cika lambobi daga kansa ba tare da ya je ƙauye ba. Kowa ya san labarin. Wallahi sai na ji jini ya hau mani kai. Kun san ni da zuciya, yanzu ma da na tsufa, balle lokacin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya ake cewa na yi? Ni Illa? Ina bin yashin Sae Sabuwa har moto na kayar da ni, sannan a zauna cikin sanyin buro a ce kwamfuta ta fi idona?" Ya bar ni na gama. Sannan ya ce za mu je tare, zai tsaya a kaina in auna. Idan lambar ta fito yadda na kawo, shi ke nan. Idan ba ta fito ba, in san inda dare ya yi mani.

Na fita ko kallon Madam Rabi ban yi ba. A raina na ce yarinyar da na riƙa kamar 'yar cikina, ita ce ta kai ni ƙara.

Muka tafi cikin motar buro da hantsi. Hankalina kwance, don na san abin da na gani da idona. Mata suka taru, har da masu goyo. Na sa na'ura a bakin fita ina wani ɗaga kafaɗa. Lambar ta fito. Ta koma daidai yadda take tun farkon shekara, daidai da lissafin Madam. Na sake. Haka dai. Na juya wajen Inna Tsahara na ce, "Inna, ki gaya masu yadda wuta take makon jiya." Ta ce, "Ƙwarai ta yi kyau, amma shekaranjiya ta koma yadda take." Direkta ya ce shaidar wuta ba awo ba ce. Ya miƙo hannu, na ba shi na'urar. Ya ce in zauna gida har kwamiti ya zauna a kan maganata. A gaban mata fa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya shiga mota. Madam Rabi ta ce mashi za ta tsaya ta duba gora, za ta biyo motar kasuwa. Ni kuwa na koma gindin wata bishiyar bedi na zauna, ina tunanin da wane baki zan shiga garinmu Cadawa in gaya wa iyalina an kore ni don ƙarya. Ba aikin ne ya fi damuna ba, sunan ne. Mutum ya tsufa a ce mashi mai ƙagen lamba, ina zai kai wannan?

Ta zo ta durƙusa gefena. Na kau da kai.

Ta ce, "Baba, ka yi fushi da ni, na sani."

Na ce, "Madam, ki je ki ji da kwamfutarki. Ta ci nasara."

Ta ce, "Ba nasara nake nema ba. Kwanakin nan na juya lissafin nan ta kowace fuska ko zai ba da lambarka, ya ƙi. Kuma ba zan iya cewa ya bayar ba alhali bai bayar ba. Amma ni ban yarda ka yi ƙarya ba. Mai ƙarya lambar da ake so yake kawowa, ba wadda za ta ja mashi tambaya ba. Saura hanya ɗaya. Duk lissafina a kan ruwa zalla na gina shi. Idan akwai wani abu cikin ruwan da ke cafke iskar da zarar ta shigo, to ruwan da ke jikin zare ba zai yi saurin ƙoshi ba, ƙofa ta uku ta buɗe ke nan. Baba, ka tuna mani. Ruwan nan, yaya yake a makonnin nan biyu?"

Na ce, "Ruwa dai ruwa ne. Kala gare shi?"

Na faɗi haka ne don haushi. Amma tambayar ta zauna mani. Azahar ta yi, na tashi in yi alwala a bakin basan, ina zuba ruwa a hannu sai na tsaya. Makon jiya da na wanke hannu a nan, ruwan santsi gare shi, har na yi wa mata faɗa na ce su bar wanki kusa da basan, suka rantse ba su yi ba. Yau kuwa babu santsin. Na leƙa ciki. A jikin siminti, sama da inda ruwa ya tsaya, ga wani farin layi ya bushe ya zagaye. Na kankaro da farce na ɗanɗana. Kai! Duk wanda uwarsa ta taɓa dama mashi kunu ya san wannan ɗanɗanon.

Na ƙwala kira, "Madam! Kanwa!"

Ta taho da gudu, ta ɗanɗana, ta dafe kai ta ce, "Innalillahi. Kanwa ai ita ce ke kama irin wannan iskar. Baba, wa ya sa kanwa a nan?"

Inna Tsahara na tsaye tana kallonmu kamar mun taɓu. Ta ce, "Au, wannan? Ai mutanen Ardo ne. Kwamin shayar da shanunsu ya tsage, suka roƙe ni su jiƙa kanwar shanu a basan, na ce su jiƙa, tun da ba mai sha sai dabba. Laifi ne?"

Na ari moton ɗanta, na goya Madam, muka nufi ruga. Muka iske Ardo, wato shugaban Fulanin wurin, dattijo ne dogo, yana zaune yana tufka igiya. Bayan gaisuwa na tambaye shi. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, kai ba ka kiwo ko? Idan ciyawa ta ƙosa ai dole nagge ta sha kanwa, ta wanke mata ciki, ta buɗe mata ci. Kowace shekara haka muke. Mun jefa buhuna cikin ruwanku suka jiƙa, shanu suka sha. Yanzu mun ba su hutu, an sake ruwa. Jibi za mu ƙara."

Na ce, "Ardo, Allah ya ja kwananka. Ka san kanwarka ta kusa cinye ni?"

Ya ce, "Kai ma sha ka yi?"

Dariya ta kuɓuce mani, ga hawaye a ido. Ranar ban yi tsammanin zan yi dariya ba.

Amma fa magana ba ta ƙare ba. Ɗanɗanon harshe ba hujja ba ce a buro. Madam Rabi ta roƙi Ardo ya ba ta guntun kanwar, ya kuma gaya mata buhu nawa suke jefawa. Ta tafi da ita Maraɗi ta gwada ƙarfinta, ta ƙara wa lissafinta abin da babu a da, wato yadda kanwa ke cafke iska a bakin ƙofa ta uku. Sannan ta shiga wurin direkta. Daga baya sakatare ya ba ni labari. Direkta ya ce mata, "Kina son ki ceci tsohon ne, na gane, amma ni ba zan sake ƙona man mota a kan tatsuniya ba." Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba. Mu je bayan an jiƙa kanwa. Zan faɗi lambar da baki kafin a auna. Kai za ka auna da hannunka, Baba Illa ba zai taɓa komai ba. Idan ba ta fito ba, to lissafina ma ba abin yarda ba ne, ka haɗa mu ka sallama." Yarinya ƙarama fa, ga aikinta na farko.

Muka koma. Buhunan Ardo na kwance cikin basan, shanu sun yi layi a baya, shi ma ya zo da sandarsa. Madam ta ɗebi ruwa ta gwada, ta auna gudunsa da zafinsa, ta zauna kan kujerar mata da kwamfuta a cinya. Ni an ce in tsaya can, na tsaya, na harɗe hannu a baya don kada a ce na yi wani abu. Ban san lokacin da na fara karanto duk addu'ar da na sani ba. Ta ɗago ta faɗi lambar da ƙarfi, kowa ya ji. Ba daidai take da wadda na kawo ba, ta ɗan fi ta sama, don ta ce kanwar yau ba ta gama jiƙa ba. Wannan ya ƙara tsinka mani zuciya.

Direkta ya sa na'ura a bakin fita. Ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya kashe ya kunna kamar yadda na yi ranar farko. Sannan ya juyo ya karanto abin da ya gani. Tsakaninta da ta Madam ɗan kaɗan ne.

Amalanke na kusa, na zauna a kansa, ga kashin shanu, ban ko kula ba. Na sauke wata ajiyar zuciya da na ji har cikin ƙashina. Alhamdu lillahi kawai nake iya faɗi. Inna Tsahara ta rangaɗa guɗa, ita da ba ta san lambar mi ce ba, fuskata kawai ta karanta.

Kwana da kwanaki ina tara maganganun da zan gasa wa direkta idan gaskiya ta fito. Wallahi na tsara su tsaf. Sai ga shi ya tako har inda nake, ya miƙo mani na'urar da hannu biyu, ya ce, "Baba Illa, a gaban mutanen nan na karɓe ta, a gabansu nake mayar maka. Na zalunce ka. Ka yafe mani." Bai taɓa ce mani Baba ba sai ranar. Duk maganganun nan suka bi iska. Na ce, "Ba komai, ranka ya daɗe. Kai ma amanar da aka ba ka kake tsaro."

Ardo ya gyara murya ya ce, "To malamai, in goranku ya ƙoshi, ko shanuna za su samu saura?"

Kada ku yi tsammanin daga nan muka koma zuba kanwa a kowane gora. Inna Tsahara ta so haka, don ta ga wuta. Madam ta ce a'a. Ruwan da ya fito daga gora lambu yake zuwa, kanwa kuwa idan ta yi yawa tana kashe ƙasa, kuma tana iya daskarewa ta toshe zaren. Aka gyara wa Fulani kwaminsu, aka raba ruwansu da namu. Gorunan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji aka yanke girmansu a kan ruwa zalla, kuma su ne kuke zuwa dubawa yau. Da an bi lambata ido rufe, da an sayo ƙanana. Da kuma an bi lissafi ido rufe, da yanzu ina Cadawa ina sunkuyar da kai a masallaci.

Abin da na ɗauka daga ranar ke nan. Idan awo da lissafi suka saɓa, kada ku yi saurin neman maƙaryaci. Sau da yawa duka biyun gaskiya suke faɗi, akwai dai abin da ya shiga ruwan da ba wanda ya tambaya. Ku da ke zuwa fili, ku kawo lamba, amma ku kawo har da abin da hannunku ya ji da abin da mutanen gari suka ce. Ku da ke zaune gaban kwamfuta, ku riƙa tuna a kan wane ruwa kuka gina lissafinku.

Ranar nan a hanyar dawowa na ce wa Madam Rabi, "Da kin ɗan lanƙwasa lissafin tun farko, ai da ba a kai ga haka ba." Ta ce, "Baba, da na lanƙwasa shi ranar, da wa zai yarda da shi yau?" Har muka shiga Maraɗi ina juya maganar nan. Na yi kwanaki ina jin haushin yarinyar nan don ta ƙi yin ƙarya saboda ni, ashe da ta yi, da babu abin da zai wanke ni.